Alkawarin ’Yan Takara Da Injin Ban-Ruwa A Wudil

Kowa ya san Wudil ya san kasuwarta ta ran Juma’a da karar shanunta, ya kuma san fadamun bakin kogi inda ake noman rani, watau tumatir da albasa da shinkafa. Yawancin lambunan nan da ƙaramin inji mai shan fetur ake ba su ruwa. To, wannan inji shi ne ya koya wa manoma yadda ake sauraron maganar masu neman mulki.

Da aka kaɗa gangar zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, manyan ’yan takara huɗu ne: Bola Tinubu, da Atiku Abubakar, da Peter Obi, da Rabi’u Musa Kwankwaso. A ƙarshen 2022 gidan talabijin na Arise ya kira su muhawara. Obi da Kwankwaso suka halarta, Tinubu kuwa bai je ba. Amma a wuraren taro kowannensu ya yabi manomi, ya ce noma zai bunƙasa a hannunsa.

Irin wannan yabo ba baƙon kunnen dattawa ba ne. A 1976 Janar Obasanjo ya fito da shirin ciyar da ƙasa. A 1980 Alhaji Shehu Shagari ya kawo nasa shirin bunƙasa noma. A 2015 Shugaba Buhari ya buɗe shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi. Har wa yau dai manomi na jiran taki ya iso kan kari.

Abin lura shi ne, maganar da ta fi taɓa lambun Wudil ba a babin noma aka yi ta ba. Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗi a fili cewa za su janye tallafin man fetur. Mutane da yawa suka ɗauka zancen masu motoci ne. Ran 29 ga Mayu, 2023, da aka rantsar da Tinubu, a jawabinsa ya ce tallafi ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye wajen Naira 200 ta haura Naira 500. A watan Yuni aka saki darajar Naira, kayan da ake shigowa da su don haɗa taki da maganin feshi suka tashi. Manomin da ke shayar da kadada guda sai ya rage fili, ko ya ci bashi. Waɗansu suka mai da injinsu mai amfani da iskar gas, masu hali suka koma hasken rana.

Saboda haka in zaɓe ya sake ƙaratowa, kada manomi ya tsaya ga kirarin da aka yi masa. Ya kasa kunne ga abin da ɗan takara ya ce game da fetur, da darajar Naira, da shigo da hatsi daga waje, gama nan ribarsa ko faɗuwarsa take. In wakilin jam’iyya ya zo gari, ƙungiyar manoma ta tambaye shi: nawa ne buhun taki, a wane wata zai iso, ta hannun wa za a raba? A rubuta amsar a ajiye. Masu magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Allah ya ba mu shugabanni masu cika alkawari, ya sa albarka a gonakinmu, amin.