Kwaɗon Manhaja: Ɓarawo Aka Nufa, Mai Saye Ke Shan Wahala

A watan Fabrairun 1976, Bill Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta a Amurka, yana kukan cewa mafi yawan masu amfani da manhajarsa ta Altair BASIC ba su biya ko sisi ba. Kukan nasa yana da tushe. Manhaja ba buhun gero ba ce; idan aka kwafe ta, mai ita ba ya ganin giɓi a rumbunsa, sai dai a aljihunsa. Tun daga lokacin kamfanoni ke ƙera wa hajarsu kwaɗo iri-iri, kuma ni abin da ke ɗaukar hankalina shi ne wanda kwaɗon ke kamawa.

A shekarun 1980 dabarar tana jikin faifai. Sai kamfani ya rubuta wani sashe nasa ta hanyar da kwafin yau da kullum ba zai iya maimaitawa ba, manhajar kuma ta ƙi tashi muddin ba ta ga wannan tabo ba. Ba a jima ba aka fara sayar da manhajojin da aikinsu ke nan su tsallake shingen, irin su Locksmith da Copy II Plus. Wanda ya sayi na halal kuwa, ranar da faifansa ya lalace, aikinsa ya tsaya cik. Masu wasannin kwamfuta suka ɓullo da tasu: a tambaye ka kalma ta kaza a shafi na kaza na littafin da aka haɗo maka. Wasan The Secret of Monkey Island na 1990 har da wani faifan kwali mai juyawa ya zo, wanda sai ka daidaita fuskokin da ke kansa kafin a buɗe maka ƙofa. Wannan dai, a ganina, ko ba komai akwai raha a cikinsa. Manhajoji masu tsada kuma aka haɗa su da wata 'yar na'ura da ake soka wa kwamfuta. Idan ta ɓace, dukiyarka ta bi ta.

Zuwan intanet ya sauya lissafin. Windows XP ta 2001 ta zo da sharaɗin cewa bayan ka shigar da mabuɗi mai haruffa da lambobi 25, sai kamfanin ya tabbatar da kai. A 2005 wani masani, Mark Russinovich, ya gano cewa wasu fayafayan waƙa na Sony BMG suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar mai saye, wadda ke buɗe kafa ga masu kutse. Dole kamfanin ya janye su. A 2008 wasan Spore ya ƙayyade wa mai saye girkawa sau uku kacal, amma hakan bai hana shi shiga sahun wasannin da aka fi sata a shekarar ba. Wanda ya sauko da na sata bai san da wata ƙa'ida ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu ma an daina sayarwa, an koma haya. Tun 2013 Adobe ta mayar da Photoshop da 'yan'uwanta tsarin biyan kuɗi wata-wata, manhajar na leƙa intanet lokaci-lokaci don ta tabbatar ka biya. Nan ne abin ya taɓa mu kai tsaye. Ɗalibin zane a Zariya ko mai ɗab'i a Kano na fama da farashin, ga sabis mai yankewa. Da yawa sai su koma ga fasasshiyar manhaja, wadda sau tari take ɗauke da ƙwayar cutar da ke kwashe bayanan banki. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kuma haramta karya irin wannan kwaɗo.

Ba na goyon bayan cin gumin kowa. 'Yan fim ɗinmu sun san zafin satar fasaha. Sai dai akwai kamfanoni irin GOG, da ke sayar da wasanni ba kwaɗo tun 2008, kuma kasuwarsu na ci. Akwai kuma Linux da LibreOffice da GIMP, waɗanda masu su suka halatta kwafarsu kyauta. Da jami'o'inmu za su koyar da ɗalibai da su tun daga ajin farko, da an rage masu yawo da manhajar sata a cikin jaka.