Hunturu Ya Shigo: Kada Ki Kulle Yaro A Ɗaki

 

In kin fito tsakar gida da sassafe a wannan lokaci, ko a Maiyama kike, ko Andarai, ko Mungadi, ko Sambawa, abin da za ki gani ɗaya ne. Hazo ya rufe gari, ruwan randa ba ya taɓuwa, yara sun yi furu-furu sun kewaye murhu, kowa ya miƙa hannu. Can sai ki ji uwa ta daka tsawa, a koma ɗaki kada iska ta buge su. Haka da yawa daga cikinmu muke yi tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5, wanda yake rabin aji ko bai kai shiga ba, sai ya wuni a ƙunshe. Don ƙauna muke yi, amma ƙunshewar tana da nata lahani, kuma wasa a waje shi ne ya fi wa yaro amfani, muddin kin zaɓi lokaci da wuri da irin wasan.

Irin sanyin ƙasarmu

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso hamadar Sahara. Yawancin ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari ne da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin da. Busasshiyar iska ce, shi ya sa leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi kaushi. Da dare ƙasa takan saki zafinta da sauri, sai gari ya waye da ɗari. Amma da hantsi ya yi, rana ta ɗaga, sai jiki ya sake. Watau sanyinmu na 'yan sa'o'i ne, ba na wuni ba.

A ƙasashe irin su Finlan da Norwe, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, ana fitar da yaran rabin aji waje kusan kullum, an dai sa musu tufafi masu kauri. Mutumin da ya ƙago irin wannan makaranta ma, wani Bajamushe mai suna Friedrich Froebel, a shekarar 1840 ya sa mata sunan da ke nufin lambun yara, domin a ganinsa da wasa ƙaramin yaro ke koyo. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a cikin shawarar da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana, watau sa'a uku, kuma sa'a ɗaya daga ciki ta zama ta guje-guje da tsalle-tsalle sosai. Ta kuma ce kada zamansa gaban talabijin ko waya ya wuce sa'a ɗaya. To, yaya yaron da aka kulle a ɗaki zai cika wannan?

Abin da ke cikin ɗaki

Mu kan ɗauka cewa iska ce ke kawo mura, alhali ƙwayoyin cuta ne, kuma sun fi saurin yaɗuwa inda aka cunkushe aka rufe ƙofa da taga. Haka sanƙarau yake. Busasshiyar iska da ƙura sukan raunana cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso kuma ya sauƙaƙa wa cutar tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ba mu manta da watan Maris na 2025 ba, lokacin da gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwar rasuwar mutum 26 da ake zaton sanƙarau ne, a Gwandu da Argungu da maƙwabtanmu Jega da Aliero.

Sai kuma wuta. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Yaron da ba abin da yake yi sai jin ɗumi, shi ne wanda rigarsa ke lasar harshen wuta, ko ya tuntsure kan tukunyar kunu. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuma yana fitar da wata iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana iya kashe mai barci. Yaron da ya yi gudu na minti goma kuwa, jininsa ya zaga, ya sami ɗumin da murhu ba zai ba shi ba.

Lokaci da wuri

Kada ki fitar da su da sanyin asuba. Ki bari sai wajen ƙarfe 10, sun sha kunu ko koko mai ɗumi, rana ta faɗo tsakar gida. Daga nan har kusan azahar lokacin wasa ne. Sai kuma bayan la'asar, su dawo kafin magariba. Ranar da ƙura ta yi kauri har ba ki iya hango bishiyar da kika saba gani daga ƙofar gida, a yi wasan cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa, musamman in akwai mai asma ko mai tari a cikinsu.

Wurin wasa ba sai mai faɗi ba. Tsakar gida ta isa, ko ƙofar gida, ko filin makaranta. In gonar da aka girbe ce a bayan gida, a duba ta tukuna, domin gindin karan da aka sare yana da tsini, ga ƙarangiya ta bushe tana jiran ƙafa. Ki roƙi maigida ko yayyensu maza su share fili ɗaya, su kwashe kwalabe da gwangwanaye. Wuri biyu ne ba na ƙaramin yaro ba ko kaɗan. Na farko bakin babbar hanyar da ta taso daga Jega ta ratsa Maiyama zuwa Koko, inda manyan motoci ke wucewa cikin hazo, direba ba ya gani da nisa. Na biyu fadama, inda masu noman rani suka haƙa rijiyoyi da ramukan ban ruwa.

Wasannin ɗumama jiki

Ba sai kin sayi kome ba. Wasannin da muka yi muna yara sun wadatar, sai dai a sassauta su daidai da ƙarfin ƙanana.

'Yar ɓuya. Ɗaya ya rufe ido ya ƙirga zuwa goma, sauran su ɓoye. Ga gudu, ga koyon ƙidaya. Amma tun kafin a fara ki nuna musu iyaka: ba shiga rumbu, ba bayan murhu, ba kusa da rijiya.

Langa. Manya sukan kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, su yi ta tsalle suna ture juna. Ga ƙanana a cire turin. A ja layi biyu a ƙasa, tsakaninsu taku biyar ko shida, kowa ya yi tsalle da ƙafa ɗaya daga wannan zuwa wancan, ya dawo da ɗayar. Ɗan shekara 3 in ya tsaya da ƙafa ɗaya kawai ya yi ƙoƙari, a tafa masa. Kowa ya san Aliero da gwanintar ɗori, amma babu uwar da ke son wasa ya kai ta can.

Gare. Tsohuwar tayar keke ko ta babur da ɗan kara, yaro ya yi ta korawa. Yana koya wa ido da hannu aiki tare. A cikin fili za a yi, ba a kan titi ba.

Igiya. Ƙananan ba su iya tsallen igiya irin na 'yan firamare ba. A shimfiɗa ta a ƙasa su bi ta kanta kamar masu tsallake gada, ko mutum biyu su riƙe ta ƙasa-ƙasa suna kaɗawa kamar maciji, yara suna tsallakewa.

'Yar gala-gala. A zana gidaje a ƙasa da tsinke. In kin rubuta 1, 2, 3 a cikin gidajen, yarinya ta faɗi lambar duk gidan da ta dira, kin koya mata lissafi ba ta sani ba.

Gaɗa. A yi da'ira, a yi tafi, a yi waƙa, a yi rawa. Wannan ba sai da farin wata ba, da hantsi ma tana yiwuwa. Nan ne yarinya mai nauyin baki take sakewa, ta koyi jiran layinta.

Wasannin zama a rana

In sun gaji, a shimfiɗa tabarma inda rana take, a jikin katangar da ta tare iska. Yanzu ne kara ya yi yawa, an gama girbin gero da dawa. Babba ya ɓare karan, domin bayansa yana yanka hannu, ya ba yara totuwar da tsinkayen su haɗa mota, ko tabarau, ko gadon 'yar tsana. Yaron da ya haɗa motarsa da kansa ya fi murna da ita bisa wadda aka sayo masa a kasuwar Jega. Akwai carafke, amma da duwatsun da suka fi ƙarfin haɗiya, kuma a nisanta su da mai rarrafe. Akwai tuwon ƙasa, sai dai a bar kwaɓa shi da ruwa sai rana ta yi zafi, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Shirin fita

Riga biyu marasa nauyi sun fi ɗaya mai kauri, domin in ya yi gumi sai ki cire ta sama. Ki sa masa hula da takalmi. Ki shafa masa man kaɗanya ko basilin a leɓe da hannu da diddige tun kafin su tsage. Ki riƙa ba shi ruwa ko bai nema ba, don wannan iska tana busar da jiki ba tare da an ji ƙishirwa ba. Wanka kuma a bari sai tsakar rana, da ruwan ɗumi.

Uwargida, in ba kya fita, ba kome. Ki haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku, yau yara su taru a gidanki, gobe a gidan wata. Mai ido a kansu ɗaya, sauran su sami sararin aikinsu.

Ke kuma 'yar makaranta, hutun Disamba naki ne da ƙannenki. Ki ƙirga su kafin wasa, ki ƙirga su bayan wasa. Kada ki yi tsalle da goyo a bayanki. Kada ki haɗa ɗan shekara 4 tsere da ɗan shekara 8, kuma kada ki bari a yi wa wanda ya faɗi dariya, domin gobe ba zai yarda ya fito ba. In kina da burin zama malama ko ma'aikaciyar jinya, to ga ajinki na farko nan.

Yaron da bai kamata ya fita ba

Mai zazzaɓi ya huta a gida. In kin ga yaro yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, a kai shi asibiti ranar nan. In kuwa zazzaɓi ne mai zafi da ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a jira gari ya waye. Ki kuma duba katin rigakafin ɗanki, domin akwai allurar sanƙarau da ake yi wa jariri in ya kai wata 9.

Gobe in Allah ya kai mu, da rana ta faɗo tsakar gida, ki ɗauki tsinke ki ja musu layi biyu a ƙasa, ki kira su daga bakin murhu. Allah ya raya mana su, ya fitar da mu hunturu lafiya, amin.