Sanda mai riƙe bashi

Tun kafin a san alƙalami da takarda mutane suke ƙidaya. Mai son ya riƙe lissafi sai ya samu ice ko ƙashi, ya dinga yanka shi da abu mai kaifi. Yanka guda, abu guda. A shekarar 1950 an tono wani ƙashi mai jeri uku na irin wannan yanka a Ishango, cikin ƙasar Kwango. Masana sun ce ya kai shekara dubu 20.

Amma in bashi ne tsakanin mutum biyu, wa zai riƙe sandar? In tana hannun mai bin bashi, yana iya ƙara yanka. In tana hannun wanda ake bi, yana iya kankare wani. Sai aka samu dabara: a yanka sandar a gicciye, sannan a tsaga ta biyu a tsaye, kowa ya tafi da ɓari guda. Ranar biya sai a haɗa su. In wani ya yi ha'inci, yankan ba za su dace da juna ba.

A Faransa masu gashin burodi sun daɗe suna haka. Mai saye ya zo da ɓarinsa, a haɗa da na mai burodi, a yi yanka guda a kansu duka. Dokar ƙasar ta 1804 ma ta yarda a karɓi sandar a matsayin shaida gaban alƙali.

A Ingila kuwa, baitulmalin sarki ya yi fiye da shekara 600 yana ba masu biyan haraji irin wannan sanda. Girman yanka shi ke nuna yawan kuɗi: faɗin tafin hannu fam 1000, faɗin babban yatsa fam 100. An daina a 1826. A 1834 aka zuba tsofaffin sandunan a wuta don a rabu da su. Wutar ta fi ƙarfin masu hura ta, ta cinye kusan dukan gidan majalisar dokoki na birnin Landan.

Tambayoyi
1. Don mi ake tsaga sandar biyu?
2. Mi ke nuna yawan kuɗi a sandar Ingila?

Aiki
Ku samo karan dawa. Kowane yara biyu su yi yanka 7 a kara guda, su tsaga shi. Ɗaya ya ƙara yanka a ɓoye. Ku haɗa, ku gani.