Tukunyar Dogon Yaro Da Allurar Da Ba Ta Isa Ba

Duk wanda ya zauna a Nima ko Mamobi ko Aboabo ta Kumasi a shekarar 2020 ba zai manta da warin da ya cika gidajenmu ba. Da magariba ta yi sai ka ji ganyen dogon yaro yana tafasa a tsakar gida, an jefa masa citta da tafarnuwa da lemun tsami, mai gida ya lulluɓa da bargo yana sirace har gumi ya jiƙa shi. A watan Maris na shekarar ne aka sami masu korona na farko a Gana, aka kulle Akara da Kumasi har mako uku, kuma a lokacin babu allurar rigakafinta ko'ina a duniya.

Allurar ba ta sauka a ƙasar nan ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2021, inda Gana ta zama ƙasa ta farko da ta karɓi kaso daga shirin COVAX. Guda 600,000 ne, ga shi kowa biyu yake bukata, ga jama'a sun haura miliyan 30. In mai karatu ya yi lissafi zai ga mutum ɗaya cikin ɗari kawai za ta isa. Ba a jima ba kuma Indiya, inda ake yin ta, ta tsayar da fitarwa saboda cutar ta yi mata yawa a gida. To, sauran mutane fa? Suka koma ga abin da kakanninmu suka bar mana.

Ba mu ga laifinsu ba. Yawancin mura da tarin hunturu ƙwayar bairos ce ke kawo su, jiki ne da kansa yake yaƙarta cikin mako ɗaya ko biyu, aikin mai jinya shi ne ya taimaki jikin. Nan ne hikimar iyayenmu mata take. Ruwan zafi da citta da kanumfari da kimba yana sassauta maƙogwaro, yana kuma sa majinyaci ya sha ruwa da yawa, wanda shi ne babban abin da mai zazzaɓi ke bukata. Kokonmu da ya yi suna har sauran ƙabilu ke layi a kansa da safe, da yajinsa da ɗuminsa, abinci ne mai kyau ga wanda bakinsa ya ƙi komai. Zuma kuwa likitoci ma sun yarda tana rage tarin dare. Amma a kiyaye, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjinsa ba zai iya da ita ba.

Inda muka saɓa da wasu 'yan'uwa shi ne cewa wai tukunyar tana kashe cutar ko tana hana kamuwa. Tururi ba ya isa inda ƙwayar take, iyakarsa ya buɗe hanci na ɗan lokaci. Abin da yake iya yi, kuma mun gani, shi ne ya kife a cinyar yaro ya sale masa fata. Wasu har murhun gawayi suke shiga da shi ɗaki su rufe ƙofa da taga, alhali iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba. Haka nan ɗura wa ƙananan yara ruwan dogon yaro mai kauri, balle mansa, ganganci ne. Su ma masu zuwa kantin magani su sayi kafso don mura, kuɗinsu kawai suke zubarwa, kafso ba ya taɓa bairos.

Hukuma ba ta raina ganye ba. Tun 1975 akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem, kuma a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta ba da izinin a gwada nibima, saiwar da aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro, a kan masu korona. Izinin gwaji ne, ba shedar warkarwa ba, ko da yake a kasuwa an yi ta tallarta kamar an gama magana.

Ƙarancin allura bai ƙare da korona ba. A farkon 2023 alluran yara sun yanke a asibitoci da dama, ƙyanda ta ɓulla a arewacin ƙasar. Ita ma ta numfashi take yaɗuwa, da tari da majina take farawa, kuma babu jiƙon da yake tare ta.

Saboda haka uwa ta san lokacin da za ta sauke tukunya ta ɗauki mayafi. Ta ɗaga rigar yaro yana kwance shiru ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ɗan wata 2 zuwa 11 ne ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi nono, sai asibiti a daren nan. Haka tsoho ko mai ciwon sukari ko hawan jini da ya fara haki yana zaune. Katin awon yara kuma a duba shi tun hunturu bai shigo ba, a ga ko akwai allurar da aka tsallake a wancan lokacin.