Feshin yashi: ƙurar da ke cin huhu

Kafin a yi wa tankin mai ko ƙarfen gada fenti, sai an kankare tsatsarsa, kuma hanya mafi sauri ita ce feshin yashi da iska mai ƙarfi. Yashin na farfashewa ya zama ƙurar silika wadda ido ba ya gani. In ta shiga huhu, sai ta bar tabon da ba ya warkewa. Cutar silikosis ke nan: ba ta da magani, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Turkiyya ta hana yi wa wandunan jins wannan feshi a 2009, bayan matasan ma'aikata sun rasa rayukansu.

Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ƙurar silika. Mai feshi na bukatar hula mai rufe kai da wuya, wadda ake turo mata iska mai tsabta ta tiyo, da safar hannu ta fata da abin toshe kunne. Sayen su haƙƙin maigida ne.

Matan Gaoui, kusa da Injamena, da suka yi suna a ginin tukwane, su ma abin ya shafe su, domin busasshen yumɓu na ɗauke da silika. In kuna aikin yumɓu, ku yayyafa ruwa kafin ku share wurin aiki.