Auna Motsin Tsokar Zuciya da Na'urar Doppler

Tsokar zuciya takan matse ta tura jini, sannan ta saki domin jini ya sake cika ta. Saurin matsewar da saurin sakin su ne na'urar Doppler take aunawa, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Tushen dabarar bayanin da Christian Doppler, ɗan ƙasar Ostiriya, ya yi ne a 1842: kaɗawar da ta fito daga abu mai tafiya takan sauya gwargwadon kusantowarsa ko nisantarsa, kamar yadda ƙarar ham ɗin mota take kaifi in tana tahowa, ta yi kauri in ta wuce. Shigeo Satomura na Jami'ar Osaka ne ya fara gwada wannan a kan zuciya a shekarun 1950.

Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, ta saurari amsa-kuwwar da ta dawo. Jini yana gudu da sauri, har mita guda a sakan, amma amsarsa ba ta da ƙarfi. Ita kuwa tsoka da wuya ta wuce santimita 20 a sakan, sai dai amsarta na da ƙarfi ƙwarai. An daɗe ana tace amsar tsoka ana zubarwa domin a ga jini. A 1989 Karl Isaaz da abokan aikinsa suka juya matatar, suka auna tsokar kanta.

Galibi ana ɗora kan na'urar a saitin tsinin zuciya, a auna gindin ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu. Idan saurin sakin tsoka ya gaza santimita 7 a sakan ta ɓangaren bangon tsakiya, ko 10 ta gefe, alama ce zuciya ta fara taurarewa, abin da hawan jini yakan haddasa tun kafin ƙarfin bugu ya ragu.

Babbar matsalar ita ce kusurwa. Na'urar ba ta ganin motsi sai wanda ya nufo ta ko ya ba ta baya. Karkacewar digiri 20 tana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na sakamakon. A digiri 60 rabi ne kawai zai fito, lafiyayyar zuciya ta zama kamar mai ciwo. Shi ya sa ingancin awon ya fi rataya a hannun mai riƙe da na'urar fiye da tsadarta. Numfashi ma yakan gusar da wurin awo, don haka ake sa majiyyaci ya ɗan riƙe numfashi bayan ya fitar, a kuma ɗauki matsakaicin bugu da yawa.

Akwai wata yaudarar: sashen da ya mutu bayan toshewar jijiya yana iya motsi saboda lafiyayyar tsokar da ke maƙwabtaka da shi tana jan sa. Domin kauce wa haka ake auna yawan gajarcewar kowane sashe, ta hanyar bin ɗige-ɗigen da ke cikin hoton tsokar daga hoto zuwa hoto, dabarar da kusurwa ba ta cika shafarta ba.