Mai Kiwon Ƙadangare, Fara da Ciyar da Gyare

Bahaushe ya ce albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, domin a ƙasar Hausa babu mai ajiye wa ƙadangare ruwa don kansa. A Amurka da ƙasashen Turai lamarin ya sha bamban. Can mutane suna kiwon ƙadangare mai gemu, ɗan asalin Ostareliya, da tsaka mai zanen damisa daga yankin Pakistan da Afganistan, da hawainiyar Yaman, a cikin akwatunan gilashi a ɗakunansu. Wannan kiwo ya haifar da wata sana'a, wato kiwon ƙwarin da za a ciyar da su: gyare, da fara, da tsutsar dusa, da wani kyankyaso na Kudancin Amurka da ake kira dubiya.

Matsalar ita ce, ƙwaron da aka sayo daga kanti ba cikakken abinci ba ne. A daji ƙadangare yana farautar ƙwari iri-iri, kowanne ya ci ganye ko fure ko ƙasa dabam. A cikin akwati kuwa, iri ɗaya ko biyu yake gani. A shekarar 2002 wani masanin abincin dabbobi a Amurka, Mark Finke, ya wallafa sakamakon awon da ya yi wa ƙwarin da ake sayarwa, ya nuna cewa mafi yawansu suna da ƙarancin sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, da ƙarancin bitamin A. Jikin ƙadangare yana son kalsiyam ya kai yawan fosforas, ko ma ya ninka shi sau 2. A jikin gyare kuwa abin a juye yake, fosforas ne ya ninka kalsiyam kusan sau 7, a tsutsar dusa ma ya haura sau 10. Dalili kuwa ƙwaro ba shi da ƙashi, ɓawo kawai gare shi.

Idan aka daɗe a haka, jikin ƙadangare sai ya koma yana zarar kalsiyam daga ƙasusuwansa don ya tafiyar da jijiyoyi da zuciya. Muƙamuƙinsa ya yi laushi har ya kasa kama abinci, yatsunsa su riƙa karkarwa, ƙafafunsa su lanƙwashe, ya riƙa jan ciki a ƙasa maimakon ɗaga ƙirji. Likitocin dabbobi suna yawan ganin wannan ciwon ƙashi, kuma abin takaici, ciwo ne da ake iya kauce masa baki ɗaya.

Maganin yana farawa ne daga cikin ƙwaron. Gyare tamkar buhu yake, abin da aka zuba masa shi zai kai wa ƙadangare. Shi ya sa masu kiwo suke raba ciyarwar gida biyu. Akwai abincin yau da kullum, kamar dusar alkama, da garin hatsi, da karas, da kabewa, da dankali, da koren ganye. Sannan akwai ƙoshin ƙarshe, wanda ake yi awa 24 zuwa 48 kafin a miƙa ƙwaron. A wannan lokaci ake ba shi gari na musamman wanda kalsiyam ya kai kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari a cikinsa. Ba a wuce kwanaki kaɗan ana ba shi, domin idan ya daɗe a kai, shi kansa gyaren mutuwa yake yi. Da an ɗauke shi daga kan garin kuma, a miƙa shi nan take, tun bai kasayar da abin da ya ci ba. Da yawa suna ƙara barbaɗa masa hodar kalsiyam a cikin leda kafin su sake shi. Duk wannan ba ya wadatarwa sai ƙadangare yana samun hasken rana ko fitilar UVB, wadda da ita fatarsa ke haɗa bitamin D3 mai jan kalsiyam daga hanji.

Batun ruwa shi ne inda sababbin masu kiwo suka fi asara. Mutum zai ajiye murfin kwalba cike da ruwa da dare, da safe ya tarar da gyare biyar sun nutse a ciki, ruwan ya fara ɗoyi, sauran kuma suna sha. Gyare yana nutsewa a ruwan da bai kai zurfin farce ba. Abin yi shi ne a jiƙa soso ko auduga, ko a cika murfin da tsakuwa yadda ƙwaro zai samu wurin tsayawa, a riƙa sauyawa kullum. Akwai kuma wasu ƙwayoyi masu shanye ruwa su kumbura, waɗanda ake sayarwa don wannan aiki, sai dai a kula kada busasshensu ya shiga akwatin ƙadangare, domin zai kumbura a cikinsa. Tsutsar dusa ba ta buƙatar kasko, yankan karas ya ishe ta. Amma a cire duk abin da ya kwana, saboda danshi yana kawo fumfuna, fumfuna kuwa kan gama da garke a 'yan kwanaki. A lokacin ƙoshin ƙarshe ruwa zalla ya fi, don idan gyare ya ga lemo ko karas, sai ya bar garin kalsiyam ya koma kansu.

Akwai abubuwan da ake nisanta da ƙwarin. Masu kiwo ba sa ba su fiya, ko albasa, ko tafarnuwa. Ganye mai yawan sinadarin okzalet yana ɗaure kalsiyam ya hana jiki amfana da shi. Abincin kare da na kyanwa yana da yawan furotin, kyankyaso kuma yana tara gishirin fitsari a jikinsa idan ya ci shi da yawa, abin da ake fargabar yana jawo wa ƙadangare ciwon gaɓoɓi. Kowane ganye a wanke shi sosai, domin maganin feshi an yi shi ne don kashe ƙwari.

Kamo ƙwari daga waje ma yana da nasa haɗari. A 1999 masana a Jami'ar Cornell sun ba da rahoton ƙadangaru masu gemu da suka mutu bayan cin ƙwaron nan mai walƙiya da dare, ƙwara ɗaya tak yana iya kisa. Mu ma mun san wannan darasi. Duk son da ake yi wa fara a Kano da Maraɗi, babu mai soya farar tumfafiya, saboda tana tara dafin ganyen da take ci a jikinta.

Dabbar da aka kulle ba ta da zaɓi, haƙƙin cinta da shanta yana wuyan wanda ya kulle ta. Duk wanda ba zai iya kula da abincin gyare da ruwansa ba, ya haƙura da kiwon ƙadangare, ya bar shi a dajinsa.